Jar Butar Da Ke Gaban Direba

A tsakiyar zafin Afrilu, wajen ƙarfe ɗaya na rana, na shiga wata Golf ta haya daga Sakkwato zan je Tambuwal. Ba mu kai Boɗinga ba wata ƙara ta fara tashi daga gaban mota, jar fitilar nan mai siffar buta kuma tana ƙiftawa. Ni ne a gidan gaba, don haka na nuna wa direba. Ko kallonta bai yi ba.

"Malam, kak ka damu, waya ta. Hakanan taka yi in rana ta yi zahi. Na duba mai da sahe, cike shike."

Ya ƙara muryar rediyo, ya ƙara wuta. Muna dab da Shagari inji ya fara ƙwanƙwasa daga can ƙasa, kamar ana dukan uwar maƙera, sai mota ta mutu. Da muka tura ta gefen titi, abin da ya fara yi shi ne ya zaro gejin mai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana nuna mana, kamar mai kafa shaida gaban alƙali. Kuma bai yi ƙarya ba, mai yana nan har layin sama. Inji dai ya buga.

Abin da ya ruɗi direban nan shi ke ruɗin mafi yawanmu. Mun ɗauka butar nan cewa take yi a ƙara mai. Alhali yawan baƙin man da ke kwance a ƙasan inji daban, ƙarfin da yake hawa da shi zuwa sassan da ke juyawa daban. Geji yawa yake aunawa. Jar buta ƙarfi take aunawa, abin da kanikawa ke kira furesha. Ana samun mai cike amma ba ya hawa, ana kuma samun ya ragu da rabin lita ƙarfinsa na nan daram. Wasu motocin zamani suna da fitila ta biyu, ruwan ɗorawa, ita ce mai maganar yawa. Ja kuwa, a kusan kowace mota, maganar ƙarfi take yi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Kwalkwalawa ko ta Wurno lokacin noman rani ya riga ya ga yadda abin yake. Injin ban-ruwa yana da tiyon tsotso, a bakinsa akwai rariya don kada ciyawa ta shiga, sai famfo, sai tiyon da ke kai ruwa cikin fangali. In ruwan rami ya ja baya, tiyo ya shaƙi iska, ruwa ya yanke. In ciyawa ta toshe rariya, ga ruwa fal amma famfo kukan banza yake yi. In tiyon fita ya huje wuri goma, famfo lafiya, ruwa lafiya, amma abin da ke isa ƙarshen gona ɗan tsiyaye ne. To, injin mota haka yake. Kaskon mai na ƙasa, wanda ake kira botom-filet, shi ne ramin. A cikinsa akwai bututun tsotso mai rariya. Famfon mai ya ja, ya tura ta cikin filta, daga nan mai ya bi ƙananan hanyoyin da aka huda cikin ƙarfen inji zuwa karanshaf, dogon ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, zuwa kamshaf, ƙarfen da ke buɗe bawul, har sama wurin tafet, sannan ya gangaro ya koma kasko.

Famfo turo mai kawai yake yi. Ƙarfin yana samuwa ne daga ƙuncin hanya, kamar yadda mai wankin mota ke danne bakin tiyo da babban yatsa ruwa ya yi nisa. Mafi ƙuncin wurin shi ne tsakanin karanshaf da metal, wato 'yan faifan ƙarfen da yake juyawa a cikinsu, tazarar da ba ta kai kaurin gashin kai ba, kimanin kashi 2 zuwa 6 cikin 100 na milimita. Nan mai yake kutsawa ya ɗaga ƙarfen, har karanshaf ya riƙa juyawa sau 3,000 a minti ɗaya bai taɓa metal ba, a kan mai yake shawagi. Da zarar man nan ya yanke, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, kuma ɓarnar ba ta jiran awa ɗaya. Cikin daƙiƙoƙi take farawa.

Mai kunna butar wani ɗan abu ne da aka ɗaure a jikin inji, mai waya a kansa, oyil-siwic. Ga inda mutane ba su sani ba: ba ya kunna fitila sai ƙarfi ya kusa ƙarewa ƙat. Da ma'aunin psi, irin wanda mai faci ke auna iskar taya da shi, inji mai lafiya da ya ɗau zafi yana gudu a titi yakan ba da 30 zuwa 70. Siwic ɗin yawancin motoci kuwa sai ƙarfi ya faɗo wajen 4 zuwa 7 yake motsawa. Ke nan inji na iya yin watanni yana gudu da 15, yana cin kansa a hankali, buta ba ta ce uffan ba. Tsoffin Golf sun fi wayo a nan. Siwic biyu gare su, na biyun yana sa ido ne in inji ya wuce juyi 2,000 a minti, in ƙarfi bai kai 20 zuwa 26 ba, gwargwadon irin injin, sai ya sa ƙara. Ƙarar da direbanmu ya danne da rediyo ke nan. Motar ta gaya masa tun da sauran gyara.

In buta ta kama kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe inji. Maganar "bari in ƙarasa gida, ai ga shi nan kusa" ita ta fi kowace cuta kashe injuna a garin nan. Ka tsaya a wuri mai daidai, ka jira minti biyar mai ya koma kasko, ka zaro geji ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Tsakanin layin ƙasa da na sama a ƙananan motoci kimanin lita ɗaya ce, injin duka kuma lita huɗu ko kusa da haka yake sha. In mai ya yi ƙasa ka cika, ka tayar. Buta ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku, babu wata baƙuwar ƙara, to ka lallaɓa, amma da sauran tambaya a kanka: ina man ya tafi? Za mu zo kan wannan. In kuwa mai cike yake buta ta ƙi mutuwa, igiya za ka nema a ja ka. Kuɗin jan mota daga Kwannawa zuwa cikin gari bai kama ƙafar kuɗin inji ba.

Lokacin da butar ke kamawa shi kansa bayani ne, kuma ya kamata ka riƙe shi ka faɗa wa bakanike. Wadda ke ƙiftawa in ka sha kwana da gudu, ko ka taka birki da ƙarfi, yawanci ƙarancin mai ne, ya kwaranya gefe guda bututu ya shaƙi iska. Wadda ke jinkirin mutuwa da safe, inji ya yi 'yar kakkaɓa sannan ya yi shiru, sau da yawa filta ce ta banza: akwai wata roba a cikinta da ke hana mai komawa kasko da dare, ta jabu ba ta riƙewa. Wadda ba ta kamawa sai inji ya yi zafi, kana tsaye a cunkoso yana silo, wato yana aiki ba a taka wuta ba, da ka taɓa totur ta mutu, wannan tana nuna ko mai ya tsinke ko metal ya sake. Wadda kuma ke kamawa a doguwar tafiya da gudu, ka rage wuta ta mutu, ka fara zargin rariya.

Amma duk wannan hasashe ne. Hukunci yana wurin agogon awo, kuma a nan nake da ƙorafi a kan garejinmu. Aikin bai fi minti ashirin ba: a kwance oyil-siwic, a ɗaura agogon furesha a raminsa, a bar inji ya yi zafi har fanka ta tashi, a karanta a silo, a sake karantawa a juyi 2,000 da 3,000. Awon da aka yi inji na sanyi yaudara ne, domin mai mai sanyi yana da kauri, ko mataccen inji zai nuna lamba mai kyau. Tsohuwar ƙa'idar kanikawa ita ce aƙalla psi 10 ga kowane juyi 1,000, amma kowane inji da lambarsa. Littafin gyaran Corolla mai injin 1ZZ, misali, ya yarda da ɗan sama da 4 a silo, amma a juyi 3,000 yana son 43 zuwa 78. Sau nawa ka ga an yi wannan awon kafin a ce maka "Alhaji, oyil-fom ne", wato famfon mai, ko "sai an sauke inji"? Ni dai in na kai mota abin da nake fara cewa ke nan: "Oga, a sa agogo tukuna." In ba shi da shi, ya aro wurin maƙwabcinsa.

Don a yi wa direbanmu adalci, maganar waya ba tatsuniya ba ce. Siwic yana lalacewa, waya tana gogewa ta taɓa bodi ta kunna fitila. A motar da ke da siwic ɗaya mai waya ɗaya, in ka zare wayar ka murɗa makulli, fitila ya kamata ta mutu, in ta ci gaba da ci to waya ce ta taɓa wani wuri. Sai dai wannan gwajin labarin waya kawai ya ba ka, bai ce mai yana hawa ba. Abin da ba shi da uzuri shi ne a zare wayar a naɗe ta da salatif a ce an gyara. An bar jaki ana dukan taiki.

In agogo ya tabbatar ƙarfi ya yi ƙasa, a fara daga mai araha. Na farko man kansa. Ka shinshina geji: in yana warin fetur, ko ka ga mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, fetur ne ke tsiyaya cikinsa daga nozul mai yoyo ko fulogin da ba ya ƙonawa, ya tsinka shi. In ka ga ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, ko ta tof-gasket bayan inji ya taɓa yin zafi fiye da kima, ko motar ta yi iyo a ruwan damina irin wanda ke kwanciya a Mabera. Sannan akwai man da tun asali ba mai ba ne, wanda aka tace tsoho aka ɗura a sabon galan, da na awo da ake zubawa da mazurarin da ya kwana cikin rairayi. Juye da mai na gaskiya da filta ta gaskiya, a sake awo. Wani lokaci a nan maganar ke ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, a sauke botom-filet. Wannan aikin ba ya buƙatar a taɓa kan inji, kuma shi ke tona asiri. Makonni bayan tafiyar nan na haɗu da direbanmu a tasha, ya ce da aka buɗe tasa, rariyar a toshe take da abu biyu: baƙar laka kamar kwalta, da zare-zaren jan gam. Lakar ta jinkirin juye ce. Gam ɗin kuwa na wani gyaran yoyo ne da aka yi masa a baya, aka lafta shi kamar ana yaɓen ɗaki, abin da ya matso ta ciki ya ɓalle ya faɗa cikin mai. Da sanyin safiya famfo na samun ɗan abin da zai ja, in tafiya ta yi nisa tsotso ya tara dattin a bakin rariya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, an toshe ɗigon waje an kashe inji ta ciki.

Ƙasarmu ma tana taimaka wa lakar nan. Ƙurar hunturu tana shiga ta iya-kilina, filtar iska, in ta yage ko an busa ta da iska har ta huje, ta bi ta ringi, zobban da ke jikin fistin, ta gauraya da mai ta zama kamar sanfefa. Zafin bazara, da ke yawan wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, yana saurin tsufar da mai. Gajerun tafiye-tafiye, daga Arkilla zuwa ofis a dawo, ba sa barin inji ya yi zafin da zai ƙone danshi da feturin da suka shiga mai. Kamfanonin mota da yawa suna kiran irin wannan yanayi mai tsanani, suna rage tazarar juye zuwa kilomita 5,000. Wanda ke jiran sai mai ya yi baƙi ƙirin kafin ya juye, rariyarsa yake ciyarwa.

Famfo kuwa, duk da shi ake fara ɗora wa laifi, ba ya saurin mutuwa, don shi ke fara wanka da mai kafin kowa. Abin da ya fi faruwa shi ne ɗan bawul ɗin da ke jikinsa, mai sakin rarar ƙarfi, datti ya maƙale shi a buɗe, mai ya riƙa komawa kasko. Na ƙarshe, mai tsada, shi ne metal. Alamar sa tana cikin man da aka juye: ka kai shi rana, in yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, metal ne yake narkewa. A nan sabon famfo ba zai yi komai ba, tiyon ne ya huje.

Sai maganar mai mai kauri, wadda ba a gama ta a kowace majalisar direbobi. Hujjar ita ce Sakkwato da zafi, don haka sai 20W-50. Ga tsohuwar Fijo 504 ko tsohuwar Golf, babu laifi, irin man da aka yi su da shi ke nan. Amma injin da aka rubuta 5W-30 ko 0W-20 a murfinsa, hanyoyinsa ƙanana ne, kuma VVT-i na Toyota da VTEC na Honda, masu sarrafa buɗewar bawul, da mai suke aiki, mai kauri yana makara kafin ya isa gare su, musamman da asubahin hunturu. Kuma zafin cikin inji ba rana ke yanke shi ba. In lagireto da fanka da tamostat, ɗan bawul mai daidaita zafin ruwa, suna lafiya, ruwan inji wajen digiri 90 yake zama, ko a Sakkwato ko a Jos. Gaskiya ne mai kauri yana ɗaga lambar agogo, har ya kashe butar da ke ƙiftawa a silo, haka ma tiritmen ɗin nan mai kama da zuma. Ban ce kada mai tsohon inji ya yi haka don ya lallaɓa zuwa lokacin da kuɗi za su samu ba. Ya dai san jinkiri ya saya, tazarar metal tana nan yadda take. (Cire tamostat da ake yi wa kowace 'yar Kwatano da ta shigo, wai don ƙasarmu da zafi, shi ma yana da hannu: inji ya daɗe bai ɗau zafi ba, ya yi ta shan fetur fiye da kima, rarar ta gangara cikin mai.)

Ina man yake tafiya?

Mai ba ya ɓacewa haka kawai. Ko ya zuba ƙasa, ko ya ƙone ya fita ta salansa, ko ya shiga ruwan lagireto. Na ƙonewa shuɗin hayaƙi ne alamarsa: in da safe ne kawai a tayarwar farko, robobin bawul ne suka bushe, in kuwa sai an taka wuta, ringi ne. Wani injin yana shan mai ba a ganin hayaƙi, don abin nan na cikin salansa da kanikawa ke kira indomi yana ƙone shi. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2AZ, wadda ake kira Muscle, ta yi suna da wannan, har kamfanin ya amsa matsalar ringinta a Amurka. Mai irin ta ya duba geji duk mako, ko da bai taɓa ganin ɗigo ba.

Na zuba ƙasa kuma, matsalarmu ita ce yawancin gidajenmu a kan rairayi ake ajiye mota, rairayi kuwa shanye shaida yake yi. Ka buɗe kwali ka shimfiɗa a ƙarƙashinta da dare, ka yi alama a gefen da ke gaba. Da safe kwalin zai gaya maka wuri, yatsa da hanci su gaya maka iri. Baƙin mai sabo kalar zuma ne, tsoho baƙi. Man giyar otomatik ja ne kamar zoɓo, in ya tsufa ya koma ruwan ƙasa, in yana ƙauri giyar na shan wahala. Man giyar hannu da na aksul suna da kauri da wari irin na farar wuta. Man sitiyari a Toyota sau da yawa shi ne dai jan man giya, don haka wurin ɗigon ne zai raba gardama. Ruwan lagireto kore ne ko ruwan hoda, yana da ɗan ƙamshi mai zaƙi, in ya bushe ya bar farin gishiri, amma in fiya-wata ko ruwan rijiya ake zubawa, tsatsa za ka gani. Ruwan hoda na Toyota yana kama da man giya a ido, sai ka murza: ɗaya ruwa ne, ɗaya maiƙo. Farin ruwa tas a ƙarƙashin kujerar fasinja kuwa na esi ne, ba cuta ba. A watan Maris da iska ta bushe da ƙyar ka gan shi, a Agusta kuwa har ya yi gulbi, sai mutum ya firgita a banza.

Inda ɗigo ya faɗo ba nan ne inda ya fito ba. Mai gangarowa yake yi, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, shi ya sa kusan kowane yoyo a botom-filet yake ƙarewa, shi ya sa kuma ake ta canza masa gasket ba laifinsa. Ƙa'idar ita ce a bi jiƙa zuwa sama har inda ta tsaya. A nan ƙurarmu tana da rana: wurin da ke gumi kawai, ƙura takan manne ta yi baƙin ɓawo busasshe, wurin da ke zuba da gaske kuwa za ka ga hanya mai sheƙi ta ratsa ɓawon. In komai ya caɓe, a wanke inji, a kiyaye watsa ruwa mai ƙarfi kan koyil da altaneta, a bar shi ya bushe, a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, a tayar na minti goma sha biyar, a haska da tocila. Layin farko da ya ɓata hodar, shi ne.

Mafi yawan lokaci robar murfin sama ce, tof-koba, wadda zafi ke busarwa har ta koma kamar itace. Ita ce ke cika ramin fulogi da mai mota ta fara misin, ita ce ke ɗiga kan salansa ka ji ƙauri in ka tsaya. In yoyo ya fara ne washegarin juye, a duba notin juye da woshansa, wanda yaran gareji kan ɗaure har zare ya cinye, a kuma duba filta: wani lokaci robar tsohuwar takan manne a jikin inji a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu kuwa ba sa riƙe ƙarfi, suna iya zubar da man inji duka cikin 'yan mintuna. Oyil-siwic shi kansa yana yoyo ta kansa. Oyil-sil na gaba, robar da ke tare mai a bakin karanshaf, yana jiƙa bel, kuma in motar mai tayimin-bel ce wannan ba abin jira ba ne, don mai yana cin roba. Sil na baya, tsakanin inji da giya, sai an sauke giya ake kai gare shi, saboda haka kafin ka yarda a tabbatar ba daga bayan tof-koba man ke gangarowa ba. Idan kuma sil biyu ko uku suka fara zuba lokaci ɗaya, ko sabo ya sake zuba cikin wata guda, a duba birida, ɗan bawul ɗin da ke fitar da iskar cikin inji. In ya toshe iskar ba ta da mafita sai ta sil. Abu ne ɗan ƙarami mai araha, kuma da wuya ka ji an ambace shi.

Ba kowane yoyo ne na gaggawa ba. Tsohuwar mota mai ɗan gumi a tof-koba, wadda gejinta ba ya motsi daga juye zuwa juye, tana iya jira. Biyu ne ba sa jira ko kwana ɗaya. Fetur, wanda hanci ke ganowa kafin ido. Da man birki: fari-fari ne ko kalar man gyaɗa, yana da santsi, yana cin fenti, ana ganin sa a bayan taya ko ƙarƙashin wurin direba. Yakan ɗan ragu a kofinsa yayin da birki-fad ke cinyewa, wannan daidai ne. Amma in kana ƙarawa yana raguwa ba ka ga ɗigo ba, ko feda tana nitsewa a hankali in ka danne ta, masta ce, famfon birkin da feda ke dannawa, ke zubawa ta ciki ko cikin gangar da ke bayanta, wadda ake kira sabo, inda ido ba ya kaiwa. Masu ɗura ruwan omo a madadin man birki su tuna cewa sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230, ruwa kuwa 100. In ya tafasa cikin bututu, feda ƙasa take tafiya babu komai.

Yoyon ruwan lagireto ya dawo da mu inda muka faro, domin injin da ya rasa ruwa zafi yake yi, zafi ya tsinka mai, ƙarfi ya faɗi, buta ta kama. Sau da yawa mutum na neman laifi a famfon mai alhali tiyon ruwa ne ya tsage, ko kan lagireto na roba ya fashe, ko wata-fom, famfon ruwa, na ɗiga ta ɗan raminta, ko murfi ya daina riƙe iska. Murfin nan shi ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, shi ya sa kuma ba a buɗe shi inji na da zafi. Fasa ɗanyen ƙwai a lagireto na iya kai ka gari na gaba, amma ƙananan hanyoyin ruwa yake toshewa tare da hujin. In ka buɗe murfi da sanyi ka ga ruwan ya koma kamar kindirmo mai ja-ja a motar otomatik, bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto ne ya fashe, kuma ruwa ya riga ya shiga giya. Koren ruwan nan guba ne mai zaƙi, akuya da kyanwa suna lasa, yaro ma haka, don haka kada a bar shi a kwance a tsakar gida, kada a ajiye ragowarsa a gorar lemo.

Wanda zai sayi mota ta hannu, ga abin da zai yi kafin a fara ciniki. Ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya ga buta ta kama. In ba ta kama ba, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an zare waya. Ya tayar ya lura ko ita da fitilar batir suna mutuwa a daƙiƙa ɗaya cak kowane lokaci, don akwai masu haɗa wayoyin biyu wuri ɗaya. Injin da aka wanke tas yana ƙyalli, kada ya burge shi. Ya ce a bar shi yana aiki har fanka ta tashi sau biyu, ya zagaya da ita, ya dawo ya ajiye ta a kan siminti, sannan ya durƙusa da tocila.